Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Litinin, 3 ga Yuni, 2013

Ƙarfe 6:42 na yamma. Ushafa, gidan wata mata da ban taɓa gani ba sai yau da ƙarfe huɗu da kwata. Sunanta Madam Rosemary, maginiyar tukwane ce. Ina zaune a bakin gadon 'yarta da ke makarantar kwana, jakata a kan cinya. Ƙofar tana da sakata. Na gwada ta sau biyu.

Bari in rubuta aikin dalla-dalla ko hankalina ya kwanta. Mu goma sha biyu aka ɗauka a Shirin Ɗaga Karatu, gwaji na wata uku, kowa da makarantun firamare shida. A kowace makaranta zan fitar da yara ashirin 'yan aji huɗu ta ƙuri'a. In miƙa wa yaro kati mai ɗauke da wani gajeren labari na Turanci, kalma sittin cif, in danna agogon awo, in ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Bayan nan akwai tambayoyi uku, amma su a takardata kaɗai suke, ba sa kan katin yaro. Makarantar da matsakaicinta ya gaza talatin za a tura mata ƙarin malamai biyu da littattafai har shekara biyu. Wadda ta kai talatin, takardar yabo.

Labarin guda ne a duka makarantu saba'in da biyun. Mun sa hannu cewa ba wanda zai gan shi ko ya ji shi kafin gwaji. Wanda ya saɓa, kora ce.

Tilas in kasance a makaranta 7:30, shi ya sa mai unguwa ke sama wa mutum gidan kwana, muddin ba gidan malami ba ne. Yaya Abdulmajeed, da ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke ni, ya ce, "Ke da ko gidan Gwaggo ba kya iya barci?" Na ce zan iya.

Madam ta kawo shinkafa da wake. Ta gan ni ina goge cokalin da gefen mayafina. Ba ta ce komai ba. Da ma ta ce.

Talata, 4 ga Yuni

Matsakaici: 34.2. Sun tsallake.

Ni ce ban tsallake ba. A kan yaro na huɗu na ɓata layi, yana na biyar ina bin na uku da biro. Sai da na sa ya sake, abin da doka ta hana. Hedimasta na tsaye bakin taga yana kallo. Muryata ta yi ta rawa wajen tambayoyin, har wata yarinya ta ce, "Anti, ba ki da lafiya?"

Na yanke shawara. Zan riƙa karanta labarin da tambayoyinsa da baki, sau goma bayan asuba, sau goma bayan la'asar, da agogo a hannu, har ya zauna mini. Idan na haddace ba zan sake ɓata layi ba.

Madam ta ba ni wata 'yar tukunya. Ta ce ta tsage a wuta, ba ta sayuwa, amma tana riƙe gishiri. Ban san me zan yi da ita ba. Na naɗe ta cikin hijabi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Dei-Dei. Gidan wani mai sayar da kwanon rufi, ɗakin matarsa. Manyan motoci ba sa tsayawa, ko muryata ba na ji. 27.9. Za su samu malamai. Ban ɓata layi ko sau ɗaya ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ƙarfe 5:10 na yamma. Rugar Kanya, kilomita uku daga Yangoji a yankin Kwali, ta hanyar da acaɓa kaɗai ke bi. Fulani ne da suka zauna tun shekara goma sha wani abu, sun yi ɗakunan ƙasa da rufin kwano.

Mai masaukina Inna Hindatu, mai sayar da nono a bakin titin Yangoji. Mijinta Malam Abu ya kai shanu Dei-Dei, sai Laraba. Ɗakinta ta ba ni, da gadonta, da jeren ƙorenta masu zane har kusan rufi. Ita ta koma ɗaya ɗakin wurin yara. Na ce a'a, don Allah, tabarma ta ishe ni. Ta ce, "Malama, baƙo ba ya zaɓar wurin kwana."

Babu ƙofa. Asabari ne kawai. Na jingina jakata a jikinsa don in ji idan an taɓa.

Akwai wata yarinya siririya mai kitso har kafaɗa da ta kawo mini ruwa. Na tambayi Inna sunanta, ta kau da kai ta ce, "Waccan? Tambaye ta." Ashe 'yar fari ce, ba ta kama sunanta. Fadima. Aji huɗu take. Na gaya wa Inna idan ƙuri'a ta faɗa kanta ba zan yi mata wani sassauci ba. Ta dube ni kamar na yi wani yare.

Fura da kindirmo. Na goge ludayin a ɓoye. Na yi karatuna sau goma.

Litinin, 10 ga Yuni

Ruwa tun kafin asuba. Rafi ya cika, yaran ƙetare ba su zo ba. Doka ta ce sai kashi saba'in cikin ɗari na aji sun halarta. Sha huɗu suka zo cikin talatin da ɗaya. An ɗaga.

Makarantar ɗakuna uku ce, ɗaya ba rufi. Yara 143, malamai biyu: hedimasta Malam Maharazu, da wata Malama da ke hutun haihuwa. Wato shi kaɗai. Yana sa aji ɗaya da biyu su yi ta bitar baƙaƙe da ƙarfi, ya ruga uku da huɗu ya rubuta lissafi a allo, ya leƙa biyar da shida. Na ƙirga: cikin awa guda ya ratsa filin sau goma sha ɗaya. Takalminsa na roba ne, an ɗinke ɗaya da zare.

Ya ce mini, "Malama, ki auna mu da gaskiya. Abin da nake roƙo ke nan." Na ce ai aikina ke nan. Na ji daɗin faɗar haka.

Ruwa a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Sai da na ɗaga murya sosai kafin na ji kaina.

Talata, 11 ga Yuni

Ruwa. Sha bakwai. An ɗaga. Waya ba ta kamawa sai a kan suri bayan garke.

Laraba, 12 ga Yuni

Ashirin suka zo. Ana buƙatar ashirin da biyu.

Kwana huɗu ke nan ina cin abincin mutanen nan. Na miƙa wa Inna sabulu da sukari da na taho da su, ta karɓa ta ajiye, da la'asar na tarar da su cikin jakata. Ban san lokacin da ta shiga ba. Jakar da nake jingina wa asabari.

Ta ce in raka ta tatsa. Na tsaya nesa. Ta ce, "Wadda ta gama jami'a tana tsoron saniya?" Na ce ba a koya mana saniya ba. Ta yi dariya har ta kusa zubar da ƙwaryar.

Da yamma 'yan mata sun taru can gindin kanya suna wasan tafa hannu. Daga nesa nake, ban ji baitin ba, amma na ji kamar na san karin. Na ɗauka irin wanda muke yi ne muna yara.

Malam Abu ya dawo. Dogo, ba ya magana. Ya gaishe ni daga bakin shinge.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ƙarfe 2:05 na rana. Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Ashirin da takwas suka zo. Ƙuri'a ta fitar da maza tara, mata sha ɗaya, har da Fadima.

Na farko namiji, kalma 4. Na biyu, 0, ya riƙe katin yana kallona kawai. Ta uku, Habiba: sittin cif, cikin daƙiƙa 41. Na ji daɗi har na ce mata madalla, abin da aka hana mu faɗa. Ta biyar, sittin. Ta shida, sittin.

Ta bakwai Fadima. Ta fara, muryarta a sama. A ƙarshen layi na huɗu ta ɗan tsaya, daidai inda nake tsayawa in saci kallon agogo. Ta ci gaba. Ta gama cikin daƙiƙa 38. Sannan, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce:

"Question one. Where did the goat go?"

Wannan ba ya kan katinta. A takardata yake.

Na kalli yatsanta. Yana kan layi na biyu. Bai taɓa motsawa ba.

Na rubuta 60. Doka ta ce a rubuta abin da aka ji.

Maza: 0, 3, 4, 4, 6, 7, 9, 11, 14. Mata biyu 'yan ƙetaren rafi: 5 da 8. Sauran mata tara: 60 kowacce. Jimla 611. A raba ashirin, 30.55.

Tambayoyin uku kuwa, cikin matan taran babu wadda ta amsa ko ɗaya. Amsoshin ban taɓa faɗarsu da baki ba. Amma ba da tambayoyi ake yanke hukunci ba.

Na dawo na shiga ɗaki na ɗaga kai. Bangon da ke tsakanina da ɗakin yara bai kai rufi ba. Na hau gado na auna giɓin: taƙi biyu da yatsa uku. Kwana huɗu ina kwana a ƙarƙashinsa. Na duba ƙofa, na duba ludayi, na duba ƙarƙashin gado saboda kunama. Sama ce kawai ban duba ba.

Lahadi goma, Litinin ashirin, Talata ashirin, Laraba ashirin. Sau saba'in. Galibi ina ihu saboda ruwa.

Ashe karatuna ne waƙar gindin kanya.

Juma'a, 14 ga Yuni

Jiya da yamma Inna ta sa an yanka zabuwa. Ta ajiye mini kwanon, tana kallon wani wuri daban, ta ce, "An ce waccan ta yi wani abu a makaranta." Na ce e. Ta ce da niyyarta ƙarshen wannan zangon ta cire ta, ta riƙa bin ta tallar nono, don ƙafafunta sun fara ciwo. "Amma babanta ya ce a bar ta tukuna."

Na ci naman. Allah ya gani na ci.

Da safe Malam Maharazu ya raka ni bakin hanya, yana tura kekensa. Sai da muka kusa rafi ya ce, "Malama, nawa muka samu?" Bai kamata in faɗa ba. Na faɗa. Ya tsaya.

"Shekara huɗu yaran nan suna hannuna. Habiba sunanta ma da ƙyar take rubutawa." Ya gyara riƙon keken. "Wallahi addu'a nake ta yi mu faɗi. Kin taɓa jin hedimastan da ke roƙon Allah makarantarsa ta faɗi?"

Bai zarge ni ba. Bai ma kawo ni a ransa ba. Cewa ya yi wataƙila agogon ne ya samu matsala. Na ce zan duba.

Agogon lafiyarsa lau.

Inna ta ɗaura mini man shanu a 'yar roba. Ta ce, "Ɗakinki na nan."

Litinin, 17 ga Yuni

Ofis. Sanyin na'ura, sababbin kujeru da ledarsu, motoci huɗu farare a waje da ba a ko sa musu lamba ba.

Na miƙa fom ɗin ga Oga Thaddeus, shugaban rukuninmu. Na shirya maganar tun a mota daga gidanmu a Kubwa, jimla uku. Ya duba lambobin ya miƙe tsaye.

"Nazeefa! Ka ga wannan? Yarinya ya fi yaro! A ruga! Nomadic girls, sixty over sixty!" Ya kira na ofishin kusa su zo su gani. "Wannan shi ne Darakta yana nema tun January. Kai ka yi aiki mai kyau."

Na ce, "Oga, amma tambayoyin, babu wadda ta amsa."

"Comprehension zai zo daga baya. Small small."

Jimlolina uku suna nan a bakina. Na haɗiye su na ce na gode.

Laraba, 19 ga Yuni

Makaranta ta huɗu, Kubwa, a gida na kwana. 41.3. Ban yi karatu da baki ba. Ba na buƙata, ko cikin salla labarin akuyar nan yana zuwa mini.

Alhamis, 20 ga Yuni

An liƙa jerin farko na makarantun da za a tura wa malamai. Rugar Kanya ba ta ciki. Tana wani jerin, ita kaɗai, an ja mata layi da kore. Darakta zai kai baƙi ranar Talata 2 ga Yuli, da masu ɗaukar hoto. Za a buga wa 'yan matan riguna.

Kuma an ce cikinmu sha biyu, huɗu za a riƙe dindindin. Oga ya ɗaga mini gira.

Na gwada Yaya da dabara, muna cin abinci. Na ce wata ƙawata ce ta yi kuskure a wurin aiki, ba wanda ya sani. Ya ce, "An yi asarar kuɗi?" Na ce a'a. "An mutu?" A'a. "To ki ce wa ƙawarki ta yi shiru ta gode wa Allah. Kin san mutum nawa ke yawo da takardu a garin nan?" Ya ci gaba da cin tuwonsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sau shida na je ofishin nan saboda ke."

Na sani. Na ƙirga ni ma.

Abin da nake ta juyawa: idan na yi shiru, Fadima ta zauna a makaranta, makarantar da ba mai koya mata. Idan na yi magana, wataƙila malamai su zo, ita kuma tana bakin titi da ƙwarya a ka. Wataƙila ma kada su zo.

Kuma har yanzu ban tabbatar ba. Zato nake. Mai yiwuwa ta iya karatun, ta kuma haddace. Ba a kai rahoto a kan zato.

Asabar, 22 ga Yuni

Na ce wa Yaya zan je bikin wata 'yar ajinmu a Gwagwalada. Na wuce Yangoji.

Na rubuta sabon labari da hannuna, kalma sittin, masu sauƙi irin na farko. Na samu Fadima tana wanke ƙore. Na ce ta zo mu yi wasa. Ta karɓi takardar da murna, ta gyara tsayuwa, ta fara: "One day a goat went to the market..." Babu akuya a takardar. Na ce a'a, wannan wani ne, duba da kyau. Ta duba. Ta daɗe. Ta nuna kalma uku, ta faɗe su daidai. Sannan ta miƙo mini takardar da hannu biyu, idonta ya ciko.

Uku.

Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce tana ji ta sama, daɗin karin ne ya kama ta, sai ta koya wa su Habiba suka sa masa tafi. Ta ɗauka abin da na zo koya musu ke nan. "Anti, ba shi ba ne karatun?"

Inna ta dawo daga talla wajen azahar. Ta gan ni ba ta yi mamaki ba. Ta sauke kaya, ta zauna tana murza gwiwa. Na durƙusa gabanta na faɗa mata duka. Ban tsallake komai ba, har taƙi biyu da yatsa uku. Na ce Fadima ba ta iya karatu ba, haddacewa ta yi, kuma laifina ne. Na ce zabuwar nan ban cancanci ci ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta ce da wata siririyar murya mai rawa:

"Wan de e got wen tu da maket."

Muryata ce. Har rawar.

"Ni ma na iya," in ji ta. "Babanta ma da ya kwana ɗaya ya kama rabi. Saura kaɗan shanu su fara."

Na ce, Inna, kin sani?

"'Yata, ni ban yi boko ba, amma na san mai karatu takarda yake kallo. Waccan tana yi tana tankaɗe."

Na ce to zabuwar fa?

Ta juya ta tabbatar Fadima ba ta kusa, ta rage murya. "Yarinyar da ta ɗauke yaren da ba nata ba ta saman bango, cikin kwana uku, ana ruwa, har ta koya wa takwas. Wannan kan na ɗaukar ƙwarya ne? Abin da babanta ya gani ke nan." Ta koma murza gwiwarta. "Kai akwai. Mai zuba masa abu ne babu. Malam Maharazu mutum ɗaya ne, ƙafa biyu gare shi."

Na gaya mata batun malamai biyun, da cewa saboda sakamakon nan ba za su zo ba. Wannan ne ba ta sani ba. Fuskarta ta canja. Ta daina murza gwiwar.

"To ke da kika auna bango, me kike jira?"

Na ce za a iya korata.

"Za a iya," in ji ta. Ba ta lallashe ni ba. Ta tashi ta dama fura.

Litinin, 24 ga Yuni

Shafi ɗaya da rabi. Kwanan wata, adadin karatun, faɗin giɓin, sunayen yara tara, sakamakon Asabar. Na rubuta a fili cewa hedimasta bai san komai ba, don kada a ce shi ya saci takarda. Na nemi a sake gwaji da wani labarin.

Oga Thaddeus ya karanta a tsaye. Ya zauna. Ya sake karantawa.

"Wa ya tambaye ka? Ni na tambaye ka?"

Na ce a'a, Oga.

"An riga an buga riga! Darakta ya gaya wa baƙi!" Ya buga tebur da takardar. "Labari ɗaya, makaranta saba'in da biyu, talatin da ɗaya ba a yi ba tukuna. Yanzu duk Kwali ana rawa da shi. Ka kashe akuya, Nazeefa. Akuya ya mutu."

Na ce ruga ɗaya ce kawai, Oga. Ya ce ranar kasuwa fa? Ban yi tunanin ranar kasuwa ba.

Ya juya yana kallon taga. Na ɗauka zai yaga ta. Ya ce, "Malami nawa ka ce suna da shi?" Na ce ɗaya, a yanzu. Yara 143. Ya ja tsaki, ya jawo hatimi, ya buga wa takardar kwanan wata da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi.

"Kawo agogo. Kawo ID. Ka tafi gida, kada ka zo sai an kira ka."

Yaya bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ashe ke ce ƙawar." Ya shiga ɗaki. Can da dare ya fito ya ajiye mini kuɗin mota a kan firji kamar kullum, ko da yake ba inda za ni.

Laraba, 26 ga Yuni

Ba a kira ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Rugar Kanya. Bayan la'asar ne, ban san ƙarfe nawa ba.

Wannan karon na gaya wa Yaya gaskiyar inda za ni. Ya ce, "A matsayin wa?" Na ɗauki jakata.

Na yanka kwalin taliya na rubuta baƙaƙe da manyan harufa. Ba koyarwa na zo yi ba, ba ni da izini, kuma ba fannina ba ne. Na zo ne in gaya wa Malam Maharazu da bakina. Ya saurara, ya ce, "Ashe ba agogo ba ne." Sai ya yi dariya, ya yi ta yi har ya dafa keke. Daga nan ya tambaya ko ina nan har Litinin, don aji uku da huɗu. Na ce zan gani.

'Yan matan sun zo su tara gindin kanya, da wasu maza uku da suka tsaya nesa suna yi kamar ba ruwansu. Fadima ta haɗa kalma biyar da kwalayen, da kanta, yatsanta na tafiya. Na rufe bakina don kada ta ɗauka daga leɓena. Inna ta wuce da ƙwarya, ba ta kalle mu ba, amma sau uku ta wuce.

Na kawo mata 'yar tukunyar Ushafa. Ta juya ta, ta ga tsagar, ta zuba gishiri. Wannan ba ta dawo cikin jakata ba.

Abubuwan da ban sani ba:

Ko za a kira ni, kuma idan an kira, don me.

Ko takardata ta wuce teburin Oga.

Ko baƙin za su zo ranar Talata. Malam Maharazu bai samu wani saƙo ba, na zuwa ko na fasawa.

Ko za a sake gwajin, da wane labari, wa zai yi.

Malamai biyun.

Ko waƙar ta kai kasuwar Yangoji. Habiba ta ce 'yar kawunta "ta ɗan iya".

Ko ɗakin Madam Rosemary yana da silin. Na yi karatu a can sau goma ranar Talata da yamma. Na tuna sakatar sarai, saman ne ban tuna ba.

Har yaushe gwiwar Inna za ta ɗauka, da abin da Malam Abu zai ce ranar da ta kasa.

Ko Yaya zai sake shiga wani ofis saboda ni.

Ranar da na daina goge ludayi. Ɗazu na lura, ina tsakiyar sha. Na duba baya cikin littafin nan, ban rubuta ba.